A bar Alhaji ya fita da Hajiya

A Damagaram, da zarar ma'aikaci ya yi ritaya mun riga mun tsara masa sauran rayuwarsa tun bai nemi shawararmu ba. Gida, masallaci, tabarma a inuwar dogon yaro, ɗaurin aure a ƙarshen mako, jana'iza duk ranar da ta faɗo. In ka ji ya yi tafiya, to ko Yamai ya nufa bin takardun fansho, ko asibiti, ko gaisuwar mutuwa. Uwargida kuwa tafiyarta biki ce ko suna ko zaman makoki, ita ma cikin ayarin mata, da kwanuka da jikoki. Mutum biyu sun shekara talatin ko arba'in a gida ɗaya, sun aurar da ƴaƴa, sun binne iyaye, amma ba su taɓa zama kujera ɗaya a mota sun nufi wani gari don kawai su gan shi ba.

Ni ina ganin wannan asara ce, kuma mu muka jawo wa kanmu. Ra'ayina shi ne tsohon da ya ajiye aiki, in yana da sauran ƙarfi a ƙafa, ya kamata ya ɗauki matarsa su fita su biyu, da ɗan abin da ke hannunsu, ba tare da jiran wani kamfani ya shirya musu ba, ba kuma tare da an haɗa su da yaro ɗan rakiya ba. Sauran jama'a kuma mu rage yawan tambaya. Don abin da ke hana wannan tafiya, kafin kuɗi, bakin mutane ne. Ka ce za ka Agadas, a ce maka "Allah ya sa lafiya, wa ya rasu?" Ka ce babu wanda ya rasu, zuwa kawai za ku yi da Hajiya ku gani, sai ka ga an yi shiru, an kalli juna. Kafin la'asar labari ya zagaya fada cewa Alhaji ya fara ruɗewa, ko kuwa mace ta shanye shi da tsufansa.

Abin mamaki, wannan magana tana fitowa ne daga garin da tafiya ta gina. Unguwar Zango ba don ado aka sa mata suna ba: nan ayarin raƙuma ke sauka. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, kayan Damagaram na ratsa Agadas da Gat har Tarabulus, attajirai irin su Malam Yaro suna da abokan ciniki a bakin Bahar Rum. Fatake na zuwa Gwanja ɗauko goro. Maniyyata na bin Chadi da Sudan a ƙasa, su shekara biyu ko biyar a hanya, da yawansu kuma da matansu suke tafiya, har su haihu a can. Zangon Hausawa da ke Kumasi da Akra da Lome jikokin mutanen da ba su yarda su zauna wuri ɗaya ba ne. Saboda haka in wani ya ce maka zaman tsoho a ƙofar gida shi ne al'adarmu ta gado, ka tambaye shi ta wane kakan.

Na san maganar da za a fara jefo mani: da wane kuɗin? Tambaya ce ta gaskiya, ba zan raina ta ba. Fanshon ƙaramin ma'aikaci bai taka kara ya karya ba, kuma a gidajenmu ba mutum biyu yake ci da su ba. Akwai ɗan da ya gama jami'a bai sami aiki ba, akwai ɗiyar da aure ya mutu ta dawo da yara uku, akwai kuɗin ruwa, wanda duk ɗan Damagaram ya san abin da ƴan garuwa ke karɓa in bazara ta yi tsanani. Wanda fanshonsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ba da shi nake ba, Allah ya buɗa masa. Amma akwai wasu da yawa a tsakiya, ba masu kuɗi ba, ba kuma mabarata ba, waɗanda in ka zauna ka lissafa abin da suke kashewa a shekara wajen anko da gudummawar biki da ramuwar biki da hidimar sunan jikan ƙanen maƙwabci, za ka ga ya isa kuɗin mota zuwa Yamai da dawowa har da saura. Waɗannan kuɗi ba wanda ya taɓa kiransu almubazzaranci, don kowa na cin moriyarsu. Sai ranar da tsoho zai kashe jika talatin, wato sefa dubu talatin, a kansa da matarsa ne ake tuna masa da lahira.

Kuma tafiyar da nake nufi ba irin wadda ake gani a talabijin ba ce. Abu uku ke cin kuɗin matafiyi: mota, makwanci, abinci. Abincin ma an riga an gama da shi tun zamanin kakanni. Kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, gari, alkaki, fulas ɗin shayi, sun isa su riƙe mutum biyu a hanya, kuma cikin tsoho ya fi aminci da su a kan miyar tasha da bai san kwananta ba. Kuɗin kuma ba sai an ɗaure su a lalita ana ta shafa ƙugu ba. Yanzu da Nita da Amana da sauransu ke da rassa a kusan kowane babban gari a ƙasar nan, mutum na iya tura wa kansa kuɗi ya riƙa cira kaɗan-kaɗan inda ya sauka. Tarawar ma ba sabon abu ba ne a wurin matanmu: adashen da ke sayen kayan ɗakin amarya zai iya sayen tikiti biyu.

Babban jarin ɗan ritaya kuwa lokaci ne, kuma shi ne abin da mai aiki ba ya da shi. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Motocin Rimbo da STM da ire-irensu na tashi da asuba su kwashe yini cur, mutum ya sauka da dare ƙafafu sun kumbura, bai ga komai ba sai bayan kujerar gabansa. Ma'aikacin da ke da taro gobe dole ya yi haka. Tsohon da ba wanda ke jiransa, me zai sa? Ya yanka tafiyar gida uku ko huɗu. Ya kwana a Maraɗi, ya shiga kasuwa. Ya tsaya Madawa Hajiya ta zaɓi tabarma da kanta, ba wadda aka saba kawo mata tsaraba ba. Su ga rumbunan albasa a Galmi, su ga duwatsun da suka ba Dogon Dutsi sunansa, su ga fadar Zarmakoy a Doso. Tsakanin Doso da Yamai, wajen Kure, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma waɗanda a Nijar kaɗai suka rage. A 1996 ba su wuce hamsin ba, yau sun kai ɗaruruwa, wani lokaci daga cikin mota ma ana hango su suna kiwo. A Yamai su shiga gidan tarihi na Bubu Hama, su ga ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadar Agadas, da ragowar bishiyar nan ta Tenere da mota ta kayar a 1973. Da yamma su tsaya kusa da gadar Kennedy su kalli kogi. Macen da ta yi rayuwarta tana auna ruwa da jarka, ganin ruwa mai yawan haka yana tafiya ba mai tare shi ba ƙaramin abu ba ne.

Arewa kuma ga Agadas, kimanin kilomita 450 ta Tanut. Hasumiyar masallacinta ta ƙasa da itace, mai tsawon mita 27, tun ƙarni na 16 take, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A da Turawa kan biya kuɗin jirgi daga ƙasashensu don su gan ta. Mu da ke kwana ɗaya da ita sai a jikin kalanda.

Wanda wannan ma ta yi masa nisa, ga Mirya nan a bakin ƙofa da lambunanta da tukwanenta, ga tafkin Gidimuni a hanyar Gure. Kai, Birni ma. Mata nawa ne a Sabon Gari ko Garin Malam suka taɓa zagaya lungunan Birni a natse, suka dubi zanen jikin gidajen, suka tsaya gaban fada ba ranar hawan salla ba? Garin da ya riƙe matsayin babban birnin ƙasar nan har 1926, amma ƴaƴansa ba su san shi ba sai ta bayan kabu-kabu.

Inda maganar ta fi wuya shi ne makwanci, kuma nan nake so in daɗe kaɗan. Hanya mafi araha ita ce ta gargajiya: a sauka gidan ɗan'uwa ko tsohon abokin aiki. Ma'aikacin gwamnati da ya yi shekara talatin ana yi masa canjin wurin aiki daga Gure zuwa Tawa zuwa Doso ba ya rasa mai masauki a ko'ina, kuma zumunci a ƙafa yake. Sai dai akwai abu biyu. Na farko, zamani ya canza. Gidan haya mai ɗaki biyu a Yamai ba gidan Zango mai zaure uku ba ne. Baƙo biyu na nufin an kwashe yara an kai su falo, an kuma ninka cefane. Mai hankali zai kira waya tun da wuri, ya faɗi ranar zuwa da ranar tafiya, ya riƙo tsaraba mai amfani, ya sa hannu a cefane ko da maigida ya rantse, kada kuma ya wuce kwana uku. Na biyu, wanda ba a cika faɗa ba: da zarar kun sauka gidan mutane, an raba ku. Ita a ja ta cikin gida wajen mata, kafin ka ankara ta ɗaura zani tana taya tsintar shinkafa. Kai a ajiye ka a zaure ana ta kawo maka masu gaisuwa. Ku kwana uku ba ku yi magana ta minti goma ba. In haka ne, me aka fito yi? Zaman gida ne aka ɗauko aka kai wani gari.

Shi ya sa nake ganin ko da kwana ɗaya ko biyu ne a cikin tafiyar, su kama ɗaki na kansu a gidan baƙi mai sauƙin kuɗi. Na san yadda kalmar otel ke sauka a kunnen dattijon Damagaram, kamar an ce masa gidan giya. Amma akwai gidajen baƙi masu mutunci, wasu na ƙungiyoyi, wasu na ma'aikatu, wasu na ƴan kasuwa, kuma mutumin da ya shiga da matarsa ta sunna ba shi da abin jin kunya. A duba ɗakin kafin a biya, a tabbatar akwai ruwa a banɗaki, a nemi na ƙasa saboda gwiwa, a kuma yi ciniki in za a kwana fiye da ɗaya.

Akwai wani tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, a unguwarmu da ya yi irin wannan tafiya da matarsa zuwa Agadas a lokacin ɗari. Da suka dawo na shiga yi musu barka da zuwa. Shi bai ce komai ba sai ƙorafin ƙura da tsadar shayi a tasha. Ita ce ta karɓe zancen. Ta fito da cuku a ƙullin leda ta gutsura mani, ta nuna mani zoben azurfa da ta yi cinikinsa da bakinta wajen maƙeri, tana ta ba ni labarin yadda ta tsaya a gindin hasumiya ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame. Can ta ce, "Ka san Malam yana da ban dariya? Wallahi ban sani ba sai a mota." Ya harare ta ya ce, "Ke dai Hajiya, kawo wa yaro ruwa." Amma yana murmushi.

Wani zai ce, to mai mata biyu ko uku fa? Wannan an daɗe da warware ta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ita ke binsa. Ba a ce a bar su duka a gida don gudun rigima ba. Bana wannan, baɗi waccan, kowa ta san rabonta na zuwa. Addinin da ya sauƙaƙa wa matafiyi salla har ya yi ƙasaru, ya kuma yi ta kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba, ba shi ne ya ɗaure tsofaffinmu a ƙofar gida ba.

Ƙetare kuwa, ga mutumin Damagaram ba wani abu mai nisa ba ne. Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, kimanin kilomita 240 ta Matamai da Daura. A hanya a tsaya a sha ruwan rijiyar Kusugu, a Kano a ga marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi da Gidan Makama. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, ba mai buƙatar tafinta. Tun faɗuwar naira a 2023 mai sefa ya sami sarari a can, har jika guda ta haura naira dubu biyu a 2024, saboda haka ɗaki da abinci sukan zo da sauƙi. A canza kaɗan a iyaka don kuɗin mota, sauran a bari sai an shiga gari an ji farashi. Takardu kuma kada a yi wasa da su. Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da barin mutane su shiga su fita, amma tsoho da tsohuwa ba su ne za su tsaya gardamar doka da jami'i a kan iyaka ba. Katin shaida mai rai, fasfo in akwai, da katin allurar shawara, a sa su a leda ɗaya, a kuma bar hotonsu a wayar wani yaro a gida.

Ƙasashe takwas ne ke kashe sefa irin tamu, ciki har da Togo da Benin da Senegal da Kodebuwa, wato ba ruwanka da ɗan canji. Amma sauƙin kuɗi daban, sauƙin hanya daban. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil, matafiya suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale. Masu sha'awar ziyarar Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass, in ta ƙasa za su bi sai sun ratsa Burkina Faso da Mali, kuma ba zan ba dattijo shawarar ya jefa matarsa cikin wannan hanya a halin da ake ciki ba. Wanda Allah ya hore wa kuɗin jirgi, ko ƴaƴa suka haɗa masa, zai iya sauka Dakar, ko ya tashi daga Yamai zuwa Kasabalanka ya hau jirgin ƙasa zuwa Fas, inda zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take. Wannan tafiya ce ta sau ɗaya a rayuwa. Hajji da umara kuwa babinsu daban, suna da hukumarsu da wakilansu, ba na kuma cewa a fasa su don yawon ganin gari. Abin da na ƙi shi ne a ce in ba Makka ba, babu inda ya halatta tsohuwa ta taka.

Tsaro ba abin ɓoyewa ba ne. Akwai yankunan Tilaberi da na Difa da ba wurin yawo ba ne yanzu, akwai hanyoyin Zamfara da wasu sassan Katsina da ko ƴan garin suna shakkarsu, a Kure ɗin ma an kashe mutane takwas a Agustan 2020. Kafin a sayi tikiti a je tasha a tambayi direbobin da suka iso jiya, su ne suka san hanya fiye da rediyo. A yi tafiyar rana, a bi babbar mota ta kamfani, kada a shiga ƙaramar motar da ake cusa mutum goma. Lokaci kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan kaka, kafin zafin Afrilu da ke kayar da saurayi balle mai hawan jini. Mai ciwon suga ko hawan jini ya ga likita tukuna, ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, ya rubuta sunan maganin a takarda ya sa a aljihu.

Ƴaƴa su ma suna da nasu laifin. Da yawanmu mun mai da iyayenmu mata masu renon jikoki na kyauta, shi ya sa in aka ce Inna za ta yi kwana goma ba ta nan, mu ne farkon masu cewa "hanya ba kyau" da "Baba ba ya jin daɗin jikinsa". Wani lokaci tsoron gaskiya ne, wani lokaci kuwa lissafin wa zai riƙe yara ne. Ɗan da ke son ya yi wa iyayensa alheri, maimakon shadda ta biyar da za a ninke a akwati, ya saya musu tikiti, ya kama musu ɗaki, ya sa musu kati a waya, sannan ya daure ya riƙa kira sau ɗaya a yini, ba sau goma ba.

Sai kamfanonin mota da ƙungiyoyin ƴan fansho. A ƙasashe da dama ana rage wa tsofaffi kuɗin jirgin ƙasa da na bas, kuma ba sadaka ba ce, ciniki ne: ɗan ritaya ba ya gaggawa, zai iya tafiya a tsakiyar mako, ba lokacin salla ko komawar ɗalibai ba, ranakun da kujeru ke tafiya babu kowa. Ƙungiyoyin da ke bin haƙƙin tsofaffin ma'aikata za su iya zama da masu motocin nan su nemi ragi a irin waɗannan ranaku, da kujerun gaba kusa da ƙofa, da ɗan ƙarin minti a wuraren tsayawa don tsoho ya kama ruwa ya yi alwala ba tare da yaron mota na buga masa ƙaho ba. Su kuma tattara sunayen gidajen baƙi masu tsafta da araha a kowace jiha, waɗanda mambobinsu suka kwana suka yaba, su raba wa juna. Tantance wanda ya cancanci ragin ma ba zai yi wuya ba, tunda katin fansho na aljihun kowannensu.